Littafi Tamanin da Tsoho Guda

A unguwar da muka tashi akwai wani tsohon soja da yakan zauna a dakalin ƙofar gidansa tun bayan la'asar har a kira sallar magariba. Gadi yake yi a wani kanti da dare, da rana kuma ya yi barci, in yamma ta yi sai ya fito da buta da 'yar tabarmarsa. Kowa ya san ya je yaƙin Bama, ba Bama ta ƙasar Borno ba, waccan ta gabashin Indiya wadda yanzu ake kira Myanmar. Mu yara mukan kewaye shi mu ce, "Baba, a ba mu labarin Bama." Ba don muna son labarin muke roƙonsa ba, don mu sami abin dariya ne.

Labaransa uku ne, kullum su yake maimaitawa. Na farko, wai jirgin sama ya kwashe su ya sauke a tsakiyar daji, a bayan mayaƙan Japan, inda babu hanyar mota balle ta komawa gida. Na biyu, wai watanni suka yi ba su ci wani abinci ba sai wanda ya faɗo daga sama ɗaure da laima, har itatuwan wurin suka yi fari fat kamar gonar audugar da ta isa tsinka. Na uku, wanda ya fi ba mu dariya, wai alfadaran da ke ɗaukar musu kaya likitan Turawa ya yanke musu murya don kada su yi kuka abokan gaba su ji. Da ya zo nan sai mu fashe da dariya mu watse, wani ya tsaya daga nesa yana kwaikwayon kukan jaki. Manya ma ba su taɓa kwaɓar mu ba, don su kansu sun ɗauka zuƙi ta malle ce irin ta tsofaffin sojoji. Shi kuwa ba ya fushi, sai dai ya ce, "Ku dai ku yi karatu." Muna kwalejin horon malamai aka aiko mana cewa Allah ya yi masa rasuwa. Muka ce Allah ya ji ƙansa, muka ci gaba da harkokinmu.

Mai karatu ya riƙe wannan tsoho a zuciyarsa, za mu komo gare shi.

Shekarar da muka fara koyarwa ne muka tsaya wurin wani mai gwanjon littattafai da ke baza hajarsa a bakin titi, muna neman ƙamus mai araha. Ba mu sami ƙamus ba, sai wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya rabu biyu, A Bridge Too Far na Cornelius Ryan, wanda aka fara bugawa a 1974. Mai gwanjo ya ce mu ba da abin da ya sauwaƙa, don ya gaji da jigilarsa. Kwana huɗu muka yi ba mu runtsa sosai ba. Littafin ya ba da labarin yadda a watan Satumba 1944 aka sauke sojojin Ingila da na Folan wajen dubu goma a kusa da garin Arnhem na ƙasar Holan, wasu da laima wasu cikin jirage marasa inji, don su kama gada su riƙe ta kafin dakarun ƙasa su iso. Dakarun ƙasa ba su iso a kan lokaci ba. Waɗanda suka sami ƙetare kogin Rhine suka tsira ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Daga nan ciwon ya kama mu. Duk ƙarshen wata, in albashi ya shigo, sai mu ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, mu bi masu gwanjo ɗaya bayan ɗaya. Wani mu same shi a tsohon sito na makaranta cikin littattafan da aka yanke wa hukuncin ƙonawa, wani kuma tsohon ɗalibinmu da ya je karatu waje ya riƙo mana tsaraba. Da intanet ta wadata sai muka riƙa samun waɗansu ta waya. Uwargida ta sha yi mana tsiya, ta ce mutumin da ko tsanin gyaran indararo ba ya iya hawa shi ne ya cika ɗaki da labarin masu dirowa daga jirgi. Ba mu musa mata ba. A yau, in aka haɗa da waɗanda gara ta taɓa, muna da littafi tamanin da 'yan kai a kan sojojin laima da dakarun ƙundumbala na Yaƙin Duniya na Biyu.

Da farko abin da ya ja mu shi ne yadda aikin kansa yake. Mun koyi cewa sojan Ingila na wancan zamani a filin jirgin Ringway, kusa da Manchester, yake koyon dirowa, kuma laima ɗaya tak yake ɗauka, babu ta ko-ta-kwana. Ba shi ke buɗe ta da hannunsa ba. Akwai igiya da ake maƙalawa a cikin jirgi, da ya faɗa sai nauyinsa ya ja igiyar, ita kuma ta zaro laimar daga jakarta. A jiragen farko ma ba ta ƙofa ake fita ba, ta wani rami ne da aka huda a cikin jirgin, wanda duk bai miƙe sambal ba sai ya bar haƙoransa a bakin ramin. Ba a yin nisa da ƙasa, ƙafa ɗari biyar zuwa ɗari takwas, don kada iska ta warwatsa mutane, kada kuma su daɗe suna reto a sama maharba su same su. 'Yan leƙen asirin da ake jefawa Faransa kuwa sai an jira farin wata, a ƙasa kuma akwai mutanen gari da ke jiran su da tocila ko wutar kara, waɗanda suka ji wata jimla maras ma'ana a rediyon BBC suka gane cewa baƙi na tafe a daren.

Sannu a hankali muka gane cewa littattafan nan ba jinsi ɗaya ba ne, kuma wanda ya ɗauke su ɗaya zai sha ruɗu. Akwai waɗanda hafsoshi suka rubuta da zafi-zafi, irin su Beyond the Chindwin na Bernard Fergusson, na 1945. Waɗannan suna da rai, amma kowane hafsa yana kare sunansa da na rundunarsa. Akwai tarihin hukuma, irin SOE in France na M.R.D. Foot, wanda ya fito a 1966, wanda aka rubuta daga fayilolin gwamnati, alhali yawancin fayilolin waccan hukumar asiri gobara da shara sun riga sun cinye su tun bayan yaƙin. Sai kuma littattafan 'yan kasuwa, masu bango mai ɗaukar ido, waɗanda wani ke kwafa daga wani, kuskure ya yi ta haihuwa har jikoki.

Wannan ya sa muka sayi babbar rajista irin ta kiran sunan ɗalibai, muka riƙa rubuta kowane farmaki a shafinsa, da abin da kowane littafi ya ce a kansa. Ga misali ɗaya. A daren 16 ga Nuwamba 1941 rundunar SAS ta David Stirling ta yi dirarta ta farko a hamadar Libiya, da nufin ƙona jiragen Jamus a filayen Gazala da Timimi. Guguwa ta taso, aka ƙi fasawa. Iska ta ja mutane a kan duwatsu, kayan yaƙi suka ɓace, ko jirgi ɗaya ba a ƙona ba. To, mutum nawa suka tafi? Wani littafi ya ce hamsin da biyar, wani ya haura sittin. Nawa suka dawo? Wani ashirin da ɗaya, wani ashirin da biyu. Bambancin mutum ɗaya ba komai ba ne a wurin mai lissafi, amma wannan mutum ɗayan ɗan wata ne. Ga misali na biyu. Noor Inayat Khan, Musulma 'yar wani malamin Sufaye daga Indiya, wadda ta yi aikin aika saƙon asiri a Faris har Jamusawa suka kama ta suka kashe ta a sansanin Dachau a Satumba 1944, mun ga inda aka rubuta cewa da laima ta sauka. Ba haka ba ne. Ƙaramin jirgi ne ƙirar Lysander ya sauka da ita a wani fili a watan Yuni 1943. Wanda ya rubuta laima ya ga ta fi armashi ne kawai. Tun daga nan muka ɗora wa kanmu doka, ba ma shigar da magana cikin rajista da biro sai ta zo ta hanya biyu da ba su jingina da juna ba, sauran kuwa da fensir.

Rajistar nan ce ta fara buɗe mana ido a kan wani abu. Mun raba kowane shafi gida uku: wa ya diro, wa ya tarbe shi a ƙasa, wa kuma ya biya kuɗin sabulu bayan an gama. Gidan farko kullum cike yake, da suna da muƙami da makarantar da mutum ya yi, wani lokaci har da sunan karensa. Gida na biyu da na uku kuwa sai dai adadi, ko kuma fili fetal. A ƙarshen Disamba 1941 aka jefa Jozef Gabčík da Jan Kubiš cikin ƙasarsu ta Cekoslobakiya. Ran 27 ga Mayu 1942 suka tare motar Reinhard Heydrich, ɗaya daga cikin manyan azzaluman Hitila, a birnin Prag, suka ji masa raunin da ya zama ajalinsa. Jarumai ne, ba mai ja. Amma ran 10 ga Yuni Jamusawa suka kewaye ƙauyen Lidice, suka harbe maza 173 a yini ɗaya, suka kwashe mata da yara, suka baje garin. A ƙasar Bama ma haka ne. Manjo Hugh Seagrim ya ɓuya a tsaunukan ƙabilar Karen tun 1942, aka jefo masa hafsoshi biyu da laima a 1943, da Japan suka sami labari sai suka far wa ƙauyukan da azaba, har ta kai shi da kansa ya miƙa wuya a Maris 1944 don a sassauta wa mutanen, aka kashe shi a Rangun a watan Satumba. Ian Morrison ya rubuta tarihinsa, Grandfather Longlegs, tun 1947. Manoman da aka ƙone wa rumbuna domin sun ba shi masauki fa? Wanda ya zo daga sama yana da littafi, wanda ya kunna masa wuta a ƙasa sai dai a ambace shi a jimla.

Mun daɗe muna jinjina wannan magana a zuci, muna ganin kanmu masu adalci da ke tausaya wa talakawan ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. Ashe tamu na nan tafe.

Wata ranar Asabar cikin hunturu muna karanta Prisoners of Hope na Birgediya Michael Calvert, wanda aka buga a 1952. Labarin rundunar Chindit ne, wadda Janar Orde Wingate ya kafa don ta shiga can bayan sahun Japan ta yanke musu hanya. A daren 5 ga Maris 1944 aka fara jigilarsu daga Lalaghat a yankin Assam. Jiragen Amurka ƙirar Dakota suka jawo jirage marasa inji suka sake su a kan wani fili a tsakiyar daji da aka laƙaba wa Broadway. Da yawa sun farfashe wajen sauka, amma waɗanda suka tsira suka share filin har manyan jirage suka fara sauka a daren da ya biyo. Cikin mako guda an kai mutum wajen dubu tara da alfadarai fiye da dubu. Calvert ya ja mutanensa zuwa kusa da garin Mawlu, suka datse hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina, suka haƙa ramuka suka kafa tunga. Harsashi da abinci da waya mai ƙaya, duk daga sama ake jefo musu. Laimomin da suka maƙale a rassan itatuwa suka yi yawa har wurin ya yi fari, sai sojoji suka raɗa wa tungar suna White City, wato Farin Birni.

Muka ajiye littafin. Gonar audugar Baba ke nan.

Muka ci gaba da karatu gabanmu na faɗuwa, sai ga 'yan Nijeriya sun bayyana a shafin. Ashe cikin birged shida na rundunar Chindit ta 1944, ɗaya tamu ce, Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai bataliya uku na Rundunar Nijeriya: ta 6 da ta 7 da ta 12. Ba da laima suka diro ba, kada mu ƙara wa miya gishiri. Jirage ne suka kai su wata tunga mai suna Aberdeen, daga can wasunsu suka taka zuwa Farin Birni, suna ciki lokacin da Japan suka yi ta kawo hari dare bayan dare a watan Afrilu. Shi Wingate bai ga ƙarshen abin ba, jirginsa ya faɗi ran 24 ga Maris. Bayansa aka yi ta jan rundunar arewa cikin damina, zazzaɓi da atuni da yunwa suka kayar da mutane fiye da harsashi, sai wajen Agusta aka fito da ragowar. Ba a yi mako biyu ba muka ci karo da na ukun a wani littafin dabam: likitocin dabbobi sun yi wa alfadaran Chindit aiki a maƙogwaro kafin a shiga daji, don kada kukansu ya tona asirin ayari.

Duk ukun gaskiya ne. Mun kashe shekaru da kuɗin da ba mu da shi muna sayen labarin daga bakin Turawa, alhali wanda ya gani da idonsa ya yi ta ba mu shi kyauta a bakin dakali, muna biyansa da kukan jaki. Kuma sau nawa muka wuce ta gaban barikin Chindit a Zariya ba mu taɓa tambayar daga ina sunan ya fito ba? Haka Dalet a Kaduna, da Letmauk a Badun, da Arakan da Myohaung a Ikko, da Kaladan a Tamale ta ƙasar Gana, duk sunayen wurare ne a Bama inda mutanenmu suka yi yaƙi.

Tun daga ranar farautarmu ta sauya alƙibla. Muka daina bin duk littafin da aka zana laima a bangonsa, muka koma neman namu a cikin littattafan wasu. Muka samo Chindit Column na Charles Carfrae, na 1985, wanda ya jagoranci ayarin 'yan Bataliya ta 7, da The March Out na James Shaw, na 1953. Muka yi wata uku muna tari kafin mu mallaki War Bush na John Hamilton, na 2001, tarihin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Nijeriya a 1943, mai tambarin gizo. Ita ce ta bi kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, kusan komai nata daga sama yake zuwa, in ya sauka kuma 'yan dako masu kakin soja su ɗora a ka su shiga daji da shi. Hamilton hafsa ne a rundunar, kuma abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne ganin manyan littattafan yaƙin Bama sun taƙaita aikin 'yan Afirka. Su waɗannan Turawa sun kyauta, sun yaba, wani lokaci har su jefa kalmar Hausa, tunda da Hausa ake magana da soja a Rundunar Nijeriya ta lokacin. Amma duk kyautawarsu, ta tagarsu suke leƙo mu. Suna faɗin abin da sojan ya yi, ba su san abin da ya raya a ransa ba lokacin da ƙofar jirgi ta rufe, shi da bai taɓa hawa ko jirgin ƙasa ba kafin a ɗauke shi soja. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A duk kantarmu, littafi ɗaya ne wanda ƙaramin soja ɗan Nijeriya ya rubuta da hannunsa: A Stroke of Unbelievable Luck na Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda David Killingray ya shirya aka buga a 1999. Ma'aikacin jinya ne, aka harbe shi a bakin Kaladan a Maris 1944, wani Musulmi talaka mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da David Kargbo na Saliyo, ya ciyar da su watanni, yana sane da cewa in Japan suka gano kashinsa ya bushe. Dubi yadda gida na biyu na rajistarmu ya cika da suna da zarar ƙaramin soja ne ya riƙe alƙalami! Barnaby Phillips ya bi sawun labarin ya fitar da Another Man's War a 2014. Sai kuma ƙagaggen labarin Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, wanda ya fito a 2007, ya gina shi a kan labaran da mahaifinsa ya dawo da su daga Bama. Shi ya saurari nasa tsohon. Da Hausa kuwa, abin da muke iya nunawa shi ne waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur, ita kuma tarba ce daga waɗanda suka zauna a gida. Littafi tamanin da 'yan kai, babu ko ɗaya da harshen da aka yi wa sojojin nan fareti da shi.

Da hutun ƙarshen zango ya zo sai muka yi shiri muka koma tsohuwar unguwa. An rushe dakalin, an fitar da shago a wurin. Muka yi sallama, aka kai mu wurin babbar 'yarsa, ita ma ta manyanta. Bayan gaisuwa muka ce, "Goggo, ko Baba ya bar wata takarda ta zamanin soja?" Ta dube mu ta ce, "Malam, kai ma ba kana cikin masu yi masa kukan jaki ba?" Muka sunkuyar da kai muka ce muna ciki. Ta yi murmushi ta ce, "Ai mu ma na cikin gida ba mu tsira ba." Ta sa jikarta ta jawo wata 'yar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro, irin wadda aka ba duk wanda ya yi yaƙin Bama, da wani ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, mai santsi, wanda ta ce yana naɗe Alƙur'aninsa da shi har ya rasu, da kuma littafin sallamarsa daga soja. Gara ta cinye fiye da rabinsa. Muka kai shi bakin ƙofa wurin haske, muka ga inda aka rubuta rundunarsa bai gama lalacewa ba. Bataliya ta 12 ce.

Muka tambaye ta ko ya taɓa faɗa musu wani abu bayan labaran nan uku. Ta yi shiru, sannan ta ce akwai sunan wani aboki da yakan kira cikin barci, kuma duk ranar da aka yi ruwa mai tsawa ba ya iya zama a ɗaki, sai ya fito zaure ya zauna har gari ya waye. Sun tambaye shi, ya ce sai sun girma. Da suka girma ba su sake tambaya ba. Iyakar abin da muka samu ke nan. Mun rubuta shi a rajista da biro, ko da yake ta hanya ɗaya ya zo.

'Yan uwa marubuta, ba mu kawo wannan labari don mu kushe tara littattafai ba. Ba don littattafan ba da har yau muna ganin Baba maƙaryaci ne. Su ne suka koya mana auna magana, su ne kuma suka nuna mana inda giɓin yake. Ɗalibanmu ma mukan ɗauki littafi biyu mu karanta musu farmaki ɗaya, mu ce su nemo inda aka saɓa, kuma sun fi gane darasin a haka. Abin da muke cewa shi ne mun juya tsarin ne. Littafi yana iya jira, in gara ta ci wannan akwai wani kwafin a wata ƙasa. Tsoho ba ya jira, kuma ba shi da kwafi.

Mutanen Bama sun riga sun tafi, in ma akwai saura to ƙalilan ne ƙwarai. Amma waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 ba su ƙare ba tukuna. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan a zaurukanmu, wasu suna gadi, wasu suna bin layin fansho. Waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG tun daga 1990 yanzu furfura ta cim musu. Ga matan da suka jira su, ga waɗanda suka yi jira har yau ba su ga kowa ba. Kowannenmu akwai waya a aljihunsa mai ɗaukar murya. Mai son ya zama marubuci, yana kukan ba shi da abin rubutawa sai soyayyar ɗan sarki da 'yar attajiri, ya sayi goro ya je ya zauna gaban ɗaya daga cikinsu. Kada ya katse shi, kada ya gyara masa kwanan wata, kada ya yi dariya ko da labarin ya yi kama da almara. Ya rubuta yadda aka faɗa masa, da Hausar da aka faɗa masa, sannan daga baya ya je ga littattafai ya auna. In ya rasa littattafan, ƙofarmu a buɗe take, sharaɗi ɗaya ne, a dawo mana da su.

Mu dai mun fara. Akwai wani tsoho a bayan makarantarmu da ya je Kwango, duk ranar Alhamis bayan la'asar muna wurinsa. Makon jiya ya ba mu wani labari da hankali ba zai ɗauka ba. Mun rubuta shi da fensir, ba mu yi dariya ba.

Allah ya ji ƙan Baba, ya yafe mana ƙuruciyarmu, amin.